Cittar da Ba Ta Sa Atishawa

A gidanmu na Gafasa ba a tambayar mai mura abin da zai sha. Da Inna ta ji ka fara jan hanci, za ta sauko da ƙwaryar da ke rataye a ragaya, ta ciro citta mai yatsu, ta daka, ta tafasa da kanumfari da ɗan masoro, sannan ta tsaya a kanka har ka shanye. Kana hawaye tana cewa hawayen ma magani ne. Wanda ya cika cikinsa da wake ya kumbura, citta. Mai cikin da amai ya hana ta sakat, a yanka mata ɗanya siriri ta riƙa tsotsa. Mai jego kuwa ba a magana, yajinta da kunun kanwarta duk sai da citta. Ko Kano za mu je, sai Inna ta cusa mini guntu a baki don kada in yi wa mutane amai a mota.

Amma Inna ba ta taɓa yi wa citta ƙarya ba. Takan ce tana ɗumama jiki, tana kwantar da tashin zuciya, tana sassauta ciwon gaɓɓai kaɗan, in kuma ka zarce ta ƙona maka ƙirji. Iyakarta ke nan. In mura ta wuce kwanakinta ko zazzaɓi ya yi zafi, ita da kanta za ta ce a nemi babur a tafi asibiti.

Ni ce mai dakan gidan, don haka na san citta kamar yunwar cikina. Na san yadda take sa atishawa tun daga bugun farko, har maƙwabta su gane yau ana dakan yaji a gidanmu. Na san zare-zaren da take bari a rariya komai iya dakanka. Na san zafinta, wanda yake kama harshe ya gangara maƙogwaro ya wuce, ba ya barin komai a baya.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini. Wannan ya ba ni damar faɗa masa abin da sauran 'ya'yansa ba sa iyawa, kuma na yi amfani da damar fiye da kima, don ni dama ba ni da haƙurin ganin abu in yi shiru. 'Yan'uwana sun ce ko ruwan sama ne sai na leƙa na ga daga ina ya zubo. Su suka sani.

Gwiwoyin Baba sun fara ba shi wahala tun Inna na da rai. Bayan rasuwarta abin ya ci ƙarfinsa. Ya koma dogara sanda, ya bar wa ƙanena gona, sallah ma a zaune yake yi, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ɗan sunkuyar da kai a madadin sujada. Ni ina aure a Gaya, nakan daka masa citta in aika, matar ƙanena ta riƙa zuba masa a shayi da kunu. Yakan ce yana jin ɗumi, dare kuma yana yi masa sauƙi. Amma sandar tana nan, ni ma ban sa ran citta za ta karɓe ta ba.

Wata damina, ana tsakiyar noman farko, sai ƙanena ya turo mini hoto mai motsi a waya. Baba ne a gona, ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya da fartanya yana yi wa gero noma, yaran unguwa na yi masa ihu. A ƙasa ƙanena ya rubuta, "Yaya, Baba ya dawo normal!" Na kalla, na sake kalla. Ya kamata in yi murna, amma na kasa. Ruwa ba ya tsami banza. Washegari na hau babur na tafi Gafasa.

A zaure na same shi, mutane na shigowa suna yi masa barka. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kai, Malam, ka yi kumatu! Lafiya ta samu." Mu dama haka muke, in mutum ya rame mu ce ciwo, in ya cika mu ce hutu, ba mai tambayar da me ya cika. Ni kuwa da na durƙusa na gaishe shi, sai na saci kallonsa. Fuskar ta zagaye, ta yi sheƙi, idanun sun shige ciki. Ciki ya fito, amma ƙwaurinsa na nan sirara kamar da, har da wani rauni da fartanya ta ji masa, wanda matar ƙanena ta ce ya ƙi warkewa. Da aka kawo tuwo ya cinye nasa ya nemi ƙari, mutumin da a da sai an lallaɓa shi yake gama rabin malmala. Kafin la'asar ya sha ruwa ya fi a ƙirga, buta kuwa ba ta huta ba.

Na tambayi matar ƙanena me aka ba shi. Ta ce ai garin citta ne, Baba na Kademi yake aiko masa. Baba na Kademi aminin Babanmu ne tun suna samari. Babarbare ne, kakanninsa suka zo da fataucin kanwa suka zauna, shi kuma ya tashi yana saye da sayar da hatsi. Da yake Baba yana da jinin Fulani ta wajen uwa, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ina girmama shi, amma na san shi da riƙo. Mutumin da ko goro ya fasa sai ya duba wane ɓari ya fi ƙanƙanta kafin ya miƙa maka, yau shi ne da aiken magani kyauta, gwangwani bayan gwangwani?

Na ce a ɗauko mini in gani. Tsohon gwangwanin madara ne, ba takarda ba rubutu. Na buɗe na kai hanci, ina jiran atishawa. Shiru. Ƙamshin citta yana nan, amma can nesa, irin na wadda ta shekara a buɗe. Na murza a yatsa, laushi sumul, ba zare ko ɗaya, launin kuma ya fi kusa da fari. Na lasa. Zafi kaɗan ya zo ya wuce, sai wani ɗaci ya maƙale a ƙarshen harshena ya ƙi tafiya.

"Uwata, ajiye mini gwangwanina," in ji Baba.

"Baba, me aka haɗa a ciki?"

"Citta ce."

"Citta da me?"

"Da ikon Allah."

Ƙanena ya bushe da dariya. Ya ce, "Yaya, ke dai ba kya rabo da zargi. Mutum ya warke, ya yi fresh, duk gari ana santi, ke kin zo kina shinshine-shinshine. Ki ce ma sha Allah mana."

Na ce ma sha Allah, don ba a ƙin faɗa. Amma da zan tafi, matar ƙanena ta rako ni ƙofar gida ta raɗa mini cewa Baba ya ce zai ba wa Baba na Kademi gefen gonarmu ta bakin fadama, wadda ko mu 'ya'yansa ba ya yarda mu yi maganarta. Nan na ce to, biri ya yi kama da mutum. Duk hanyar Gaya ina kan babur ina saƙa da warwara. Har na kai ga tunanin ko wani abu aka barbaɗa a garin don a juya wa Baba tunani a raba shi da gona. Raina ya ɓaci ƙwarai, har ɗan acaɓa ya tambaye ni ko da shi nake magana.

Na ɗan ɗebo garin a leda ba wanda ya gani. A gida na samo kofin gilashi biyu, na zuba ruwa, na sa nawa dakan a ɗaya, na Baba a ɗayan, na juya na ajiye, na tafi na ɗora girki. Da na dawo, nawa ya yi ruwan ƙasa, zare-zare na yawo a sama. Na Baba kuwa wani farin abu ne ya kwanta a gindin kofin. Na tsiyaye ruwan na dangwala na kai baki. Na san wannan ɗacin. Duk wanda ƙwayar asibiti ta taɓa narke masa a harshe kafin ya samu ruwan korawa ya san shi. Sai maganar asiri ta fita daga raina, wani tsoron da ya fi shi ya shigo.

Ba yadda za a yi 'ya ta tari aminin ubanta ta ce me kake ba shi. Dole sai an bi ta bayan gida. Na sayi goro da sabulu, na ce zan je Kademi gaisuwa, na kwana biyu ban leƙa su ba. A hanya na shirya kalmomina tsaf, masu laushi a sama, masu ƙaya a ƙasa. Na yi sallama, matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, aka aika masallaci a kira shi.

Da ya shigo sai kalmomin suka watse. Fuskar Babanmu ce a wuyansa. Kumatun nan, sheƙin nan, idanun da suka shige ciki. Shi ma da na san shi yana jan ƙafa, yanzu takawa yake yi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara, sannan ya ce, "Kin ga bawan nan nawa ya miƙe ko? Ni na tashe shi. Ba don Barebari ba da Fulani sun ƙare."

Na ce, "Mun gode, Baba, Allah ya bar zumunci. A ina ake samun irin wannan cittar? Ni ma uwar mijina na fama da ƙafa."

Ya ce sirrin Barebari ne. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ƙara lallaɓawa. Can ya faɗa. Wani mutum ne yake zuwa ran kasuwa a kan babur, da lasifika ɗaure a baya, yana cewa cittar dutse ce daga kudu, an haɗa ta da saiwoyi, tana maganin sanyin ƙashi da ciwon baya da rashin cin abinci da abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya saya ya gwada, kafin kasuwa ta zagayo ya ajiye sanda. Ranar da ya fara tafiya masallacin Juma'a da ƙafarsa, ya ce, sai ya tuna amininsa na can yana sallah a zaune, abinci ya ƙi shiga. Tun daga nan duk gwangwanin da ya saya sai ya raba biyu.

"Shi kuma ya dame ni da maganar wata gona," ya ce. "Wai tukuici. Na ce masa ubangida ba ya karɓar tukuici a hannun bawansa."

Ban saki jiki ba duk da haka. Sai da na ga matarsa ta kawo masa kunu, ya buɗe nasa gwangwanin ya zuba cokali guda ya shanye a gabana, sannan na yarda. Na je neman macuci, na tarar da wanda aka cuta tare da ubana. Haushin da na ɗauko daga Gaya na nan a ƙirjina, na rasa inda zan sauke shi.

Saura yadda za a kai su asibiti. Dattijon ƙauye da yake jin ƙarfi a jikinsa, ka ce masa ya zo a duba shi, ka zage shi ke nan. Amma akwai abin da ba ya iya ƙi, wato rakiyar amini. Na koma Gafasa na ce wa Baba, "Baba na Kademi fa jikin nan nasa bai yi mini ba, ga yawan fitsari, ga ƙishirwa. Na ce ya zo Gaya a auna shi, ya ce sai in kai za ka raka shi." Na kira Kademi a waya na faɗi irin wannan maganar a juye. Ranar da aka sa, na ɗauko adaidaita sahu na kwaso su, kowa ya sha babbar riga, kowa na yi wa ɗan'uwansa sannu a ransa.

Likitan da muka samu ya dube su tun daga bakin ƙofa, ya dubi ragowar garin da na ajiye masa a leda, ya ce a auna su duka biyun. Jininsu ya hau, sukari ya hau, na Baba na Kademi ya fi. Ya ce shi ba shi da na'urar da zai tantance garin a nan, amma wannan fuskar ya sha ganinta. Akwai masu niƙa ƙwayoyin bature masu kashe raɗaɗi, har da irin wadda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wadda ake kira sha ka fashe, su cakuɗa da ɗan garin citta don ƙamshi da sunan gargajiya. Ciwon gwiwa zai yi shiru, amma a ɓoye ƙashi na lalacewa, ciki na iya yin gyambo, rauni ya ƙi warkewa. Na ce to yau zan zubar da shi a masai. Ya ce kul, wanda jikinsa ya saba da irin wannan ba a yanke masa rana ɗaya, sai ya faɗi. Ya rubuta musu maganin da za a riƙa ragewa a hankali, ya ce su riƙa dawowa yana dubawa. Da na tambaye shi citta fa, ya ce ta gaskiya ba laifi a shayi ko kunu, daidai misali.

Muka fito muka tsaya a gindin darbejiya muna jiran abin hawa. Baba na Kademi sai salati yake yi, yana cewa shi ya jawo wa amininsa. Babanmu kuwa ni ya juyo ya kalla.

"Kin zaci ban sani ba?" ya ce. "Tun kafin a haife ki nake shan citta. Kurɓar farko na gane ba ita kaɗai ba ce."

"To Baba, me ya sa..."

"Goshina ya taɓa ƙasa. Rabona da sujada tun uwarku na da rai. Na sa goshina a ƙasa, na tashi da kaina ba wanda ya kama ni. Na shiga gonata na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hannuna. Kin san abin da wannan yake nufi?"

Ban sani ba, kuma ban yi ƙaryar na sani ba. Na ce masa ni dai ubana nake so a raye, ko a zaune ko a tsaye. Ya ce, "Ke dai kin yi yadda kike so." Ke. Tunda nake ban taɓa jin ya ce mini ke tsurarta ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai lasifika ya yi ɓatan dabo, ba a sake ganinsa a kasuwar ba, ni ce a kusa, ni na sha fushin.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ana rage maganin, kumatun na saɓewa, ciwon na dawowa da ƙarfinsa. Kafin a yanke gero Baba ya koma kan sanda, sallah ta koma a zaune. Masu zuwa barka suka koma zuwa sannu, wasu har suna cewa tun da aka kai shi asibiti ya lalace, suna faɗa suna kallona. Raunin ƙwaurin ya warke, jinin ya sauka, amma wannan ba ya ganuwa daga bakin zaure. Baba na Kademi kuwa sukarin ya zauna masa, har yau yana kan magani. Na ci gaba da daka citta ina aikawa, in shanya ta, in daka, in yi ta atishawa ni kaɗai a tsakar gida. Matar ƙanena ta ce yana sha. In na je gaishe shi zai amsa, ya tambayi yara, amma sunan nan nawa ya ɗauke shi ya ajiye. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna, sai dai ko yau aka dawo da damina baya, asibitin zan sake kai shi.

Da bazara ta kama, zafi ya buɗe, sai ƙanena ya kira ni da hantsi yana murna. Wai yau Baba da ƙafarsa ya je masallacin unguwa ya dawo, ya manta sandar a zaure. Na san zafi yana yi wa masu ciwon gwiwa sauƙi, Inna ma takan faɗa. Na sani sarai. Amma ko alhamdu lillahi ban gama faɗa ba na ɗauki mayafi na fita neman babur.

Na same shi a inuwar zaure da kofin shayinsa a gefe, ya sha ya rage kaɗan. Na gaishe shi ina duban kumatunsa. Suna nan a rame yadda na bar su. Na dubi idonsa, na dubi ƙwaurinsa. Sannan, a gabansa, ba ko kunya, na ɗauki kofin na kurɓi ragowar. Zafi ya kama harshena ya gangara ya wuce, bai bar ɗaci ba. Wani ɗan zare ya maƙale mini a haƙori. Dakana ne.

Baba yana kallona tun daga farko har ƙarshe. Ya girgiza kai a hankali.

"Uwata," ya ce, "sauƙin da Allah ya kawo ma sai kin ɗanɗana?"

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo, na ce masa cittar ce ta yi yaji. Ya ce ai hawayen ma magani ne, muka yi dariya mu biyu. Na wuni a gidan, na yi masa wanki, na share masa ɗaki. Ina cikin sharar, da na ga ba kowa a kusa, sai da na ɗaga katifarsa na duba.